Kunyar gero ana gyara ta baɗi, layin inabi kuwa sai haƙuri

Mu da muka saba da noman damina akwai wani rangwame da muke samu ba tare da mun lura ba. Idan kunya ta karkace bana, ba wanda zai tada jijiyar wuya, baɗi garma za ta sake bi ta kai. Zamana a tsakiyar Sifaniya, yankin La Mancha, ya nuna mini amfanin gonar da ba ya yin wannan afuwa. Inabi sai a shekara ta uku yake fara ba da abin kirki, kuma kurangar kan kai shekara 30 ko 40 tana haihuwa. Inda turke ya shiga ranar awo, nan tarakta za ta riƙa bi har mai gonar ya tsufa.

Saboda haka aiki kan fara tun shekara guda kafin dashe. Ana tona ramuka nan da can a cikin fili, zurfin mita ɗaya ko fiye, a ga abin da ke ƙarƙashi: laka ce, tsakuwa ce, ko wani dandagaryar fako ne da saiwa ba za ta huda ba. Sannan a sa doguwar garma ta tsaga ƙasar kamar santimita 60 zuwa 80, kuma sai ƙasa ta bushe, don jiƙaƙƙiya ba ta tsagewa, daɓewa take yi. Taki, da farar ƙasa idan wurin na da tsami, a lokacin ake binne su, tunda bayan dashe babu hanyar kai su can ƙasa. Filin da aka tumɓuke tsohon inabi kuma akan bar shi ya huta, saboda wasu ƙananan tsutsotsi da ke maƙale a ragowar saiwa suna yaɗa cuta.

Gwajin ƙasar ne ma ke nuna irin gindin da za a saya. Tun da ƙwaron filoksera ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860 ya cinye gonakin Turai, kusan duk inabin nahiyar mai aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro: sama na Turai, saiwa ta Amurka, wadda ke jure ƙwaron. Wani gindin yana jure fari, wani yana jure ƙasa mai alli da yawa.

Inda nake da ra'ayi mai ƙarfi shi ne tazara. A Burgundi ta Faransa mita ɗaya ake bari kowane ɓangare, kuranga kusan 10,000 a hekta guda. A nan La Mancha, tsoffin gonaki sukan bar wajen mita biyu da rabi, hekta ba ta ɗaukar fiye da 1,600, kowace tana tsugune ita kaɗai ba waya ko sandar da za ta hau. Baƙo zai ce ɓarnar fili ce. Ba haka ba ne. Ruwan saman nan bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, na Burgundi ya kusa ninka shi. Kowace kuranga an ba ta faɗin ƙasar da zai shayar da ita ne. Wanda ya kwaikwayi Burgundi don sunanta, alhali ba shi da ruwanta ko siririyar taraktar da ke haye layi, ya sayi wahala da kuɗinsa. (Akasarin inabin wuraren nan biyu giya ake yi da shi, wannan ba ruwana, lissafin ruwa da tazara ɗaya ne ko na ci za ka shuka ko na zabibi.) A ganina abu biyu ne kawai ke da ikon yanke tazara: ruwan da kake da shi, da faɗin injin da zai shiga tsakanin layuka.

Fuskantar layi ma haka. Littattafai sukan ce daga arewa zuwa kudu, don rana ta haska gefen gabas da safe, gefen yamma da la'asar. A wuri mai zafi wannan ranar la'asar ce ke ƙona 'ya'ya, don haka wasu ke ɗan karkatar da layin. A kan gangara kuwa tudu ne ke da magana. A kwarin Douro na Fotugal sai da aka sassaƙa tsauni hawa-hawa kafin ƙasa ta zauna.

Awon kansa ba ya buƙatar boko mai zurfi. Manyan gonaki suna dashe da injin GPS, amma igiya da turaku sun wadatar: a ja layin farko, a fitar da daidaitacciyar kusurwa ta hanyar ja igiya gefe uku masu tsawon mita 3, 4 da 5, sauran layuka su bi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwaɗayin bakin gona. Mutum ya ƙi barin mita 6 zuwa 8 a ƙarshen layi don ya ƙara kuranga biyu, sai tarakta ta rasa wurin juyawa, kullum tana karya turken ƙarshe tana tsinka waya.