Bashi na ci, ban yi sata ba

Ƙarfe shida da 'yan mintuna na safe wayata ta fara ruri. Lambar jiya ce, wadda ta kira ni sau tara. "Malam, kan bashin katinka ne." To ai na sani! Ni na karɓi katin bashin nan na banki da hannuna, wanda ake kashe kuɗi da shi a biya daga baya, ni na biya kuɗin asibiti da shi lokacin da aka kwantar da maiɗakina, ni ne kuma aikina ya tsaya wata biyar. Ban taɓa musun ko ɗaya ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne tun kafin in fara makara na je bankin da ƙafata, na ce ga halin da nake ciki, a sassauta mini. Aka ce in riƙa biyan mafi ƙarancin abin da ake nema duk wata. Na yi ta biya, ina murna wai ina rage kaya, ashe ruwa nake ɗiba da kwando. Sai da na zauna da biro da takarda na gane wayon: kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, wato kashi 2 duk wata. Idan ana bin ka 1,000 ka biya 25, to 20 ruwa ya cinye, 5 kacal ta taɓa uwar kuɗin. Ka makara da kwana ɗaya a lafta maka tara, ruwan da ba ka biya ba shi ma ya hau haihuwar nasa ruwan. Wa ya faɗa mini wannan ranar da ake lallaɓa ni in karɓi katin? Babu. Yana dai can cikin ƙananan rubutun da sai ka sa tabarau.

Da na gaza gaba ɗaya, bankin ya sayar da bashin ga wani kamfanin karɓar bashi. Irin waɗannan kamfanoni a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba suke sayen tsohon bashi, sannan su zo su shaƙe ka sai ka biya duka. Yau mace ce ke kira da lallami, gobe wani ƙato yana cewa kotu. Kowa da adadin da yake faɗa.

Duk wannan na haɗiye. Amma ranar Talata sai ga kiran yayata, muryarta na rawa: "Wai me ka yi ne? Wasu sun ce suna nemanka kan kuɗi." Ita ta ci bashin? Wa ya ba ku lambarta? Ko a Amurka, inda harkar katin nan ta samo asali, tun 1977 aka yi dokar da ta hana masu karɓar bashi kiran mutum kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta kuma hana su fallasa bashinsa ga dangi da maƙwabta. Don sun san tonon asiri ne makamin waɗannan mutane.

Na rubuta musu takarda: ku nuna mini nawa ne uwar kuɗin, nawa ne ruwa, nawa ne tara, da shaidar cewa ku ne masu bin bashin yanzu, sai mu yanka abin da zan iya biya duk wata. Mako uku ke nan shiru. Amma wayar ba ta fasa ba, yau kaɗai sun kira sau huɗu, kuma ko azahar ba a yi ba.