Ni da Rola Ashirin da Huɗu

Ranar da mai gyaran gashin unguwarmu ta faɗa mini sabon kuɗin wanki da miƙarwa, sai na gyara zaman mayafina na ce mata zan dawo, alhali ni da ita duk mun san ba dawowar zan yi ba. Saura kwana biyu kamun ƙanwar maigidana, kuma na riga na ci alwashin cewa a wannan bikin sai gashina ya kwanta har kafaɗa. Daga Tudun Wada na hau adaidaita sahu zuwa Kasuwar Sabon Gari, na sayo rola dozin biyu da diraya ta hannu wadda aka rubuta wat 2000 a jikin kwalinta. Ban kula da lambar ba, domin hankalina yana kan hoton matar da ke jikin kwalin.

Wata ƙawata da ta karanci kimiyya a Jami'ar Ahmadu Bello ta yi mini bayani a waya cewa ruwa yakan sassauta abin da ke riƙe da murɗewar gashi, idan kuma gashin ya bushe ƙarau a miƙe a kan rola, sai ya zauna a haka har ranar da ya sake haɗuwa da ruwa. Farkon maganar na riƙe, ƙarshenta kuwa ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Bayan la'asar ɗin jajibirin biki na tsefe kitson da ya kwana arba'in a kaina, na wanke, na shafa ɗan man kaɗanya, sannan na zauna gaban madubi ina tsagawa ina naɗewa. Gashina irin mai taurin nan ne da ya karya mataji fiye da yadda zan iya ƙirgawa, saboda haka duk rolar da na ɗaura a ƙeya sai ta ƙwace ta gangara ƙarƙashin gado, auta tana binta da gudu tana murna an samo mata abin wasa. Kafin na kammala ta ashirin da huɗu, hannuwana sun yi tsami kamar na wuni ina daka.

Ban yi minti goma da kunna diraya ba aka ɗauke wuta.

Na leƙa na ce, "Abban yara, don Allah a taimaka a tayar da inji." Ya dubi kaina, ya yi shiru na ɗan lokaci kamar mai neman addu'ar da ta dace, sannan ya fita. Injin namu ƙarami ne, irin wanda ƙarfinsa bai kai wat dubu ba, fanka da fitila da cajin waya kawai ya sani. Ina danna dirayar ya yi tari sau biyu ya mutu, gidan ya koma duhu, na kuma ji Malam daga waje yana salati. A nan ne na fahimci abin da lambar nan ta jikin kwali take nufi.

Ga shi watan Agusta ne, ruwa ya tsuge tun magariba, iska duk danshi, ko tsumma ba zai bushe ba balle gashi mai kauri da aka naɗe tamau. Dabara ta faɗo mini, na hura gawayi a kaskon turare, na lulluɓa da zani na sunkuya a kansa. Ina cikin haka Hajiya, uwar mijina, ta shigo neman tukunyar biki, ta tarar da ni a durƙushe ina zufa.

"Subhanallahi! 'Yar nan, masassara ce ake sirace ba a faɗa mini ba?"

Na yaye zanin don in gaishe ta, ta ga rololi ja da shuɗi jere a kaina, ta ja da baya. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɗauki tukunyarta ta fita ba tare da ta ƙara tambaya ba.

Sai ƙarfe biyu na dare aka kawo wuta. Na tashi cikin magagi na warware rololin, na riƙa jan gashin da mataji ina binsa da iska mai zafi, har na ƙone saman kunnena na hagu. Amma fa gashi ya miƙe, ya sauko har wuya yana ƙamshin turaren wuta, na tsaya gaban madubi ina juya kai ni kaɗai.

Da asuba na yi alwala yadda na saba tun ina yarinya, na jiƙa hannu sosai na shafi kai daga goshi zuwa ƙeya na dawo. Kafin gari ya waye gaban ya cure, danshin damina kuma ya ƙarasa sauran.

Na tura shi cikin hula na kafa ɗaurin anko na tafi kamu. Mata uku ne suka yaba ɗaurin, ɗaya kuma ta tambaye ni abin da ya ciji kunnena.