Baƙar Mota da Singiletin Baba Maigadi

Duk wanda ya sayi baƙar mota a Abuja ana dab da shiga hunturu, ya ɗauko wa kansa aikin da babu albashi. Tawa Camry ce 'yar Kwatano, kuma tun ranar da ta shigo gidan da muke haya a Kubwa, Baba maigadi ya riƙe ta amana. Kullum kafin in dawo daga sallar asuba ya riga ya bi ta da wata tsohuwar singileti a bushe, yana murza ƙurar da ta kwana a jikinta da iya ƙarfinsa, ni kuwa ina yi masa godiya har da na goro.

Wata Asabar da tsakar rana, a kasuwar Wuse, hasken rana ya sauka a kan bonet, sai na ga fentin ya cika da siraran zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Na tofa yawu na goge da hannun riga, zanen ya samu ƙari.

A Apo, wajen makanikai, wani mai fenti ya haska jikin motar da tocilan wayarsa, ya ja farce a kan zanen, sannan ya ce, "Oga, wa yake goge maka mota?" Na ce wani dattijon kirki ne. Ya ce, "To, kirkin ne ya yi yawa." Ya bayyana mini cewa a saman launi akwai wani shafi marar launi mai ba da sheƙi, wanda kaurinsa yakan tsaya wajen maikuron 40 zuwa 50 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya), bai ma kai takarda ɗaya ba, alhali ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara cike take da ɓurɓushin yashi, saboda haka duk tsumman da ya ja ta a bushe kankare shafin yake yi. Zanen ma ba zagaye ba ne a zahiri, haske ne yake nuna shi haka, kuma baƙin fenti ya fi kowane tona asiri.

Da yake farcensa bai maƙale ba, ya ce zanen bai yi zurfi ba, folish da inji zai fitar da shi. Sai dai ya ja mini kunne cewa folish cin shafin yake yi kaɗan-kaɗan, ba abin maimaitawa ba ne kowane wata, man sheƙi kuwa cike zanen kawai yake yi, bayan wanki kaɗan ya sake bayyana. Ya gindaya sharuɗɗa: a fara kwarara ruwa ya tafi da yashin, a yi wankin a inuwa da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, a fara daga rufi a ƙare da taya, a tsane da tawul mai laushi na maikurofaiba, omo kuma ya tsaya a kan tufafi. Kuɗin aikin ban faɗa wa uwargida ba har yau.

Isar da saƙon ga Baba ya fi biyan kuɗin wuya. Ya saurare ni, ya naɗe singiletinsa, ya ce, "Alhaji, na goge motar kwamishina, bai taɓa cewa na ji mata ciwo ba." Daga ranar ya janye hannunsa, motar ta yi fururu, har wani yaron maƙwabta ya rubuta "A WANKE NI" da yatsa a kan but ɗin, rubutun da ake iya karantawa a rana ko bayan an wanke.

Ranar Juma'a, ana sallamewa, na hango wani yaro ya ɗaga tsumma zai sauke a kan bonet. Na tattare babbar riga na sheƙa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ina ihu, har wasu suka fara tambayar ina ɓarawon. Na ba shi naira 200 a kan ya rabu da motar yadda ya gan ta. Juma'ar da ta biyo baya na tarar da yara huɗu sun kewaye ta, kowa ya ɗaga tsummansa sama yana kallona, babbansu kuma ya ce, "Alhaji, yanzu kuɗin bari ya koma 300."