VAT da matsakaicin mai kanti: inda lissafin ke karyewa

A takarda, harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidimomi, ba na mai kanti ba ne. Mai saye ne ke biya, mai kanti ɗan aike ne kawai da ke karɓa ya miƙa wa gwamnati. Haka aka tsara shi tun 1994 da ya fara aiki a Najeriya a kan kashi 5 cikin ɗari, haka kuma yake bayan an ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. Sai dai wannan tsari ya dogara ne kacokan a kan abu guda: rasit mai nuna harajin da aka riga aka biya a baya. A manyan kasuwanninmu na sari kuwa, irin wannan rasit ba kasafai ake ganin sa ba.

Bari mu yi lissafi da misali. Mai kanti ya sari katan ɗin sabulu a kan naira 10,750, wato 10,000 kuɗin kaya da 750 na VAT. Ya sayar a 11,200, saboda farashin da layinsu ke sayarwa ke nan. Idan yana da rajistar VAT, harajin da ke cikin 11,200 ɗin shi ne naira 781. Zai cire 750 da ya biya lokacin sari, ya kai wa hukuma naira 31, ribarsa ta tsaya a 419. Wannan ba ya kashe kowa.

To, amma idan kayan sun bi hannu uku kafin su iso shi fa? Kamfani ya ba babban dila, dila ya ba ɗan sari a kasuwar Singa ko Sabon Gari a Kano, ɗan sari ya rubuta masa jimilla a 'yar takarda ba lambar haraji, ba layin VAT. Naira 750 ɗin nan tana cikin farashin, ya biya ta, amma ba shi da hujjar da zai nuna. Hukuma za ta nemi 781 ɗin cif. Ribar 450 ta koma faɗuwar naira 331 a kowane katan. In kuwa ya ce sai ya tsare ribarsa, dole ya sayar a 12,040, alhali maƙwabcinsa marar rajista yana nan a 11,200. Ba mai ƙara naira 840 a kan sabulu iri ɗaya don kanti na da fanka da madubi.

Wannan ne ya sa nake ganin muhawarar da aka sha a ƙarshen 2024 ta kauce wa ɗan kasuwa. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna a watan Oktoba sun ƙi tsarin rabon kuɗin VAT da aka kawo, majalisa daga baya ta yi watsi da shawarar ɗaga harajin zuwa kashi 10 da abin da zai biyo baya. Dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 sun bar shi a 7.5, sun rage kason tarayya daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55. Duk wannan magana ce ta wanda zai ci kuɗin. Yadda ake tara su daga kan teburin kanti bai samu rabin wannan hayaniya ba.

Dole a yaba abin yabo. Sabuwar dokar ta ɗaga iyakar cinikin da ke fitar da ƙananan 'yan kasuwa daga wajibcin karɓar VAT, kuma ta buɗe ƙofar neman mayar da harajin da aka biya a kan hidimomi da kadarorin aiki, ba kayan sayarwa kaɗai ba. Ta kuma sa muhimman kayan abinci da magunguna a matakin sifili, wato VAT na kashi 0, wanda ke ba masu sarrafa su damar karɓo abin da suka biya a baya. Amma darasin tsohuwar iyakar yana nan. A 2020 an ce duk wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba an yafe masa. Miliyan 25 a shekara kusan naira 68,500 ce a rana. Daga nan sai aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni ta tashi daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. Kantin da katan ɗin da yake sayarwa suka ragu sai ga shi ya haye iyakar, don kawai lambobi sun kumbura. Iyakar da ba a ɗaure ta da hauhawar farashi ba, ko nawa aka sa ta, shekara kaɗan za ta yi ta zama tarko.

Akwai kuma batun lokaci. Ana shigar da bayanan VAT na kowane wata ne zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Wanda ya san kantin unguwa ya san littafin bashi: ma'aikaci ya ɗauki kaya sai albashi ya shigo, mai shayi ya ɗauki madara da suga sai ƙarshen mako. Mai kanti kuwa ya riga ya biya VAT daga uwar kuɗinsa tun lokacin sari, a kan kayan da bai ga kuɗinsu ba, a lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, rance ya gagari kowa. In ya makara wajen shigar da bayanan, tarar da take naira 50,000 a watan farko da 25,000 a kowane wata na gaba yanzu ta ninka.

Sauran cizon ƙanana ne amma kullum ne. Naira 50 a kan kowace tura kuɗi ta 10,000 zuwa sama, wadda aka faɗaɗa zuwa su Opay da Moniepoint a Disambar 2024, kashi ɗaya ce cikin tara na ribar wancan katan. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba yana cikin farashin sari. Kantin da ke layin Band A, rukunin da ya fi samun wutar lantarki, ya ga kuɗin wuta ya koma naira 225 a kan yunit a Afrilun 2024, ga firiji ba ya kashuwa. Sannan 'yan rebenu: na jiha da rajistar wurin kasuwanci, na ƙaramar hukuma da kuɗin shago da na allon talla da na shara, kowa da ranarsa da tikitinsa. Waɗannan ba ruwansu da riba ko faɗuwa. Hatta Shoprite, da ke da akantoci da lauyoyi, ta rufe reshenta na Ado Bayero Mall a farkon 2024.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka mai shafi ɗari. A fara daga sama: hukumar haraji ta riga ta soma tilasta rasit na intanet a kan manyan kamfanoni, to ta bi shi har zuwa kan diloli, domin su ƙalilan ne kuma an san ɗakunan ajiyarsu. Kafin hakan ta tabbata, a ba matsakaicin kanti zaɓin biyan ɗan ƙaramin kaso tsayayye a kan cinikinsa a madadin lissafin cirewa, kuma a bar shi ya biya a kan kuɗin da suka shigo hannunsa. Jihohin da kasonsu ya ƙaru da maki biyar kuwa ba su da uzurin barin tikiti biyar a ƙofar shago ɗaya. Su haɗe su a takarda guda ta shekara, a biya ta banki, a liƙa ta a bango.

In ba a yi haka ba, abin da masu kanti ke yi yanzu shi za su ci gaba da yi: raba shago ɗaya zuwa sunaye biyu, ƙin karɓar tiransifa sai a asusun ƙane, da ajiye littafi biyu.