Kwamfutocin hannu ba su mutu ba: masu gyara a Bauchi su koyi ɗora Linux

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Ya bar ƙofar ƙarin shekara guda, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajista, daga nan kuma sai dai a koma Windows 11. A Bauchi wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin duk wanda ya zaga shagunan kwamfuta na wajajen Wunti da Yelwa ya san irin kayan da ke kan kanta: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, kusan duk na hannu, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su. Da su ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da na kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji suke rubuta furojet. Ita kuwa Windows 11 tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. EliteBook 840 G3, wadda ta cika gari, zubi na shida ce. Lafiyarta ƙalau, tana aikinta, amma a hukumance an rufe mata ƙofa.

Abin da ke faruwa yanzu kowa ya sani. Ɗalibi zai kawo laftof ya ce, "Injiniya, a yi mata fomatin, a sa mini sabuwa." Injiniya zai tsallake shingen da Microsoft ya kafa, ya cusa mata Windows 11, ya buɗe ta da makullin bogi da aka sauko da shi daga wani shafin da ba a san mai shi ba. Kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da tura gyara ga irin wannan kwamfuta ba. Shi kuma makullin bogin, sai an kashe mai gadin kwamfutar, wato manhajar da ke tare bairos, kafin ya shiga. Ban ga laifin yaron shago ba, abin da ya tarar ana yi ke nan, kuma kuɗin lasisi ya fi ƙarfin mai saye. Amma akwai wata hanya ta halal, kyauta, kuma rashin sanin ta yana cutar da mu.

Linux nake nufi, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Ba a sayen ta, kuma lasisinta ya yarda ka kwafa, ka raba, ka gyara. A kanta Android ke zaune, wato tana cikin aljihun yawancinmu. Nau'o'inta da suka fi dacewa da sabon shiga su ne Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, da kuma Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu, wadda fuskarta ta yi kama da abin da mai Windows ya saba. Ubuntu 24.04 da Mint 22 duka za su ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Mint na iya tashi da RAM (wajen da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) giga 2, ta sake sosai a giga 4, kuma tana da zubin Xfce mara nauyi domin kwamfutar da ta kwana biyu.

Tambayar da ake yawan yi ita ce, "To za ta yi aiki a tawa?" A nan ne nake ganin Linux ta fi kowa adalci, domin ba cinikin biri a sama ba ne. Za ka sauko da Mint, wajen giga 3, ka zuba ta a filash mai giga 8 da manhajar Rufus ko Ventoy. Ka soka filash ɗin, ka kunna kwamfuta kana danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ce ko Lenovo, ka zaɓi filash. Linux za ta tashi gaba ɗayanta daga cikin filash ba tare da ta taɓa ko fayil ɗaya na Windows ɗinka ba. Daga nan sai gwaji. Shin ta ga Wi-Fi? Sauti na fita? Kyamara na kawowa? Maɓallan ƙara haske da rage shi suna amsawa? Idan ka rufe murfin ka buɗe, tana farkawa? Idan kana da firinta, jona ta a take ka buga shafi guda. Abin da ya yi aiki a nan zai yi bayan an ɗora. Idan bai yi maka ba, ka zare filash ka koma inda kake, ba ka yi asarar komai ba sai data.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, waɗannan tsofaffin kwamfutocin ofis su ne Linux ta fi sani. Direbobinsu, wato ƙananan manhajojin da ke sa babbar manhaja ta gane kowane sashe na na'ura, sun daɗe da shiga cikinta. Mai ThinkPad ko Latitude da ke da Wi-Fi na Intel, galibi yana gama ɗorawa komai zai kama aiki, ba sai ya bi intanet yana farautar direba ɗaya bayan ɗaya ba.

Inda ake cin tuntuɓe sananne ne. Wi-Fi na kamfanin Broadcom, da ke cikin wasu HP da Dell, sau da yawa ba ya tashi sai an sauko masa da direbansa. Ga shi kuma babu Wi-Fi ɗin da za a sauko da shi. Maganin mai sauƙi ne: ka jona wayarka da igiyar caji, ka ba kwamfutar data ta igiya, ka buɗe wajen direbobi na Mint, ta nemo da kanta. Wasu Dell kuma suna zuwa da ma'ajiyar fayilolinsu a wani saiti mai suna RAID, sai manhajar ɗorawa ta ga kamar babu ma'ajiya a cikin kwamfutar. Sai an shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa da zarar an kunna kwamfuta, an mayar da ita saitin AHCI, kuma wanda ke son ajiye Windows a gefe ya yi hattara, domin wannan sauyin kan hana ta tashi idan ba a shirya ta ba. Firinta ma suna suka tara. Yawancin na HP suna aiki, ko da yake wasu ƙananan LaserJet na neman ƙarin fayil daga kamfanin. Canon LBP2900 kuwa, da ke cikin shagunan buga takardu da yawa, tana ba da wahala ƙwarai. Sannan ga matsalarmu ta gida: laftof ɗin hannu da yawa batirinsu ya mutu. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar raba ma'ajiya, za a iya rasa duk abin da ke ciki. Kada a fara sai an kwashe fayil zuwa wani wuri, kuma sai ga janareta ko sola.

Ba kowa zan ce ya koma ba. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW, yana zana katin biki da fosta, ya zauna inda yake. Haka ɗalibin zanen gine-gine da malaminsa ya ce lallai sai AutoCAD, da mai shagon rajista da manhajar ɗaukar hoton yatsarsa ba ta san kowa ba sai Windows. LibreOffice, manhajar rubutu da ke zuwa da Mint, na buɗe takardun Word, amma wani lokaci jerin shafi kan goce, don haka mai miƙa furojet ya mayar da shi PDF kafin ya kai bugu. To amma mutum nawa ne wannan ya shafa? Malamin makaranta, ɗan jarida, 'yar kasuwa mai lissafin kaya, ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja da Python, aikinsu bai wuce rubutu da intanet da kallon darasi ba. Za su samu kibod mai ƙ da ɗ da ɓ a cikinta, ga na Larabci ga malaman Islamiyya. Kuma bairos ɗin nan da ke ɓoye fayil a filash bayan an dawo daga shagon buga takardu, don Windows aka rubuta shi, ba ya tashi a Linux. Hasali ma da ita ake ganin fayilolin da ya ɓoye a ceto su.

Babban cikas a wajena ba na'ura ba ce, rashin mai gyara ne a kusa. Wanda ya ɗora Linux a Bauchi yau, ranar da ta ba shi matsala ya kai shago, amsar da zai ji ita ce, "Yallaɓai, a goge wannan a mayar maka da Windows." Shi ya sa nake kira ga masu shagunan gyara kafin kowa. Babu abin da za su rasa: kuɗin aikin ɗorawa nasu ne, sauya tsohuwar ma'ajiya da mai sauri, wato SSD, da ƙarin RAM duk ciniki ne, kuma ba za su riƙa ɗora wa mutane kayan sata ba. Kowane maigida ya ajiye filash guda na Mint a aljihun teburinsa, ya koya wa yaransa gwajin nan, ya riƙa tambayar mai kwamfuta aikin da yake yi da ita kafin ya yanke masa hukunci.

Sassan koyar da kimiyyar kwamfuta na ATBU da kwalejin Gwallameji su ma suna da rawar takawa, kuma ba ta buƙatar kasafin kuɗi. Su ware Asabar guda a kowane zango, ɗalibai su zauna da filash a ɗaki mai wuta, duk mai tsohuwar laftof ya kawo a gwada masa. A gayyato yaran shagunan Wunti da Yelwa su zauna tare da su. A kuma buɗe littafi a riƙa rubuta sunan kowace kwamfuta da firintar da aka gwada, da abin da ya yi aiki da wanda ya ƙi, domin makarantun sakandaren da ke da kwamfutoci jibge a ɗaki su san waɗanda za a iya tayarwa kafin a kira mai gwangwan.