Kafin ku zubar da jakar kayan adon Sallah, ku saurare ni

Sati biyu kafin azumin bana na jawo jakar bakkon da ke ƙarƙashin gado, wadda muke tara kayan adon Sallah a cikinta, na zazzage ta a tsakar gida. Igiyoyin fitila uku ne suka fara faɗowa, sun cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta shiga. Sai jinjirin wata na kwali da ruwan zinarensa ya goge, taurarin roba, tutocin Maulidi da rana ta cinye launinsu, a can ƙasa kuma fitilar ƙwai ta marigayiya kakata, gilashinta da ɗan tsagu a gefe. Babbar 'yata ta leƙo ta ce, "Umma, a kira 'yan gwangwan kawai su kwashe, mu je kasuwar Terminus mu sayo sababbi."

Ban ga laifinta ba, abin da ta tashi ta ga muna yi ke nan. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin a ganina mun ɗauko wata ɗabi'a da ba tamu ba: mu sayi abu, mu more shi kwana uku, mu watsar, baɗi mu sake fitar da kuɗi. Iyayenmu mata ba haka suka riƙe ɗaki ba. Kwanon jeren da aka kai uwa da shi ɗakin miji, shi ake wankewa da toka duk Sallah har ya yi ƙyalli, wata rana kuma a kai 'yarta da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga kuma aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, kayan ado kuwa kusan dukkansu daga Sin suke zuwa. Mai shago ba zai iya kawo mai kyau ya sayar a tsohon farashi ba, sai ya kawo mai araha, mai siririyar waya kamar gashin doki. Araha kuwa ba ta ado. Za ki kunna daren Sallah, kafin yawon Sallah ya ƙare rabinta ta mutu.

Na kwashi igiyoyin nan uku na kai wa ƙanena da ke gyaran wayoyin hannu. Ya shimfiɗa su a kan benci yana bin su da yatsa, sannan ya ce, "Yaya, ɗaya ce kawai za ta gyaru. Sauran biyun kada ki sake sa su a wuta, ko da sun kama." Shi ya buɗe mini ido a kan abin da nake so in gaya muku.

Tsofaffin igiyoyin nan masu ƙananan ƙwai na gilashi, a jere aka haɗa su. Wuta sai ta ratsa ta cikin ƙwai na farko kafin ta kai na biyu, haka har ƙarshe, suna raba ƙarfin wutar gida a tsakaninsu. Shi ya sa ƙwai ɗaya in ya mutu ko ya saki a mazauninsa, sai layi guda ya ɗauke gaba ɗaya, ke kuma ki ɗauka duk igiyar ce ta lalace. Sau da yawa maganin bai wuce a bi su ɗaya bayan ɗaya ana dannawa, a musanya wanda ya yi baƙi da irinsa ba, bayan an zare ta daga soket. Amma fa wutar da ke bin wannan siririyar waya ita ce wutar gidan nan mai bolt 230, wadda ke tayar da firji da dutsen guga. In robar wayar ta bushe ta tsattsage, ko wani ya taɓa yanke ta ya ɗaure da salatif, to abin da za ki rataya a jikin labule ba ado ba ne. Irin wannan ƙwan kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake komawa, ɗan ragowar ne haske.

Mu mutanen Jos ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan gobara ba. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone tun watan Fabrairun 2002, har yau in aka ambace ta akwai gidajen da ake yin shiru. Sannan ku lura da kalanda. Azumi yana ja baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, yanzu yana shiga hunturu sosai, har ma a 2030 za a kama azumi sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Ƙaramar Sallah ta shekaru masu zuwa za ta riƙa zuwa ne lokacin da komai ya bushe ƙamas, iska na kaɗawa, an rufe tagogi saboda sanyin garin nan, wani ɗakin ma da kaskon gawayi a ciki. Ba lokacin wasa da tsohuwar waya ba ne.

Don haka shawarata ɗaya ce, kuma a kanta na tsaya: ku riƙe tsofaffin kayan adon, ku canja musu wuta. A cire taurarin roba da furannin da ke kan ƙwayayen, a ajiye, wayar kuma a ba 'yan gwangwan. A maimakonta a sayi igiyar fitilar zamani, wadda masu shago ke kira el-i-di, amma irin mai kan caja ko mai ɗan akwatin batir uku. Cajar waya bolt 5 take bayarwa, batir uku kuma bolt 4 da rabi. Yaro zai iya riƙe ta a hannu tana ci, ba ta jan mutum, ba ta ɗaukar zafi. Wutar da take ci ma ba ta taka kara ta karya ba. Ko a ƙwan ɗaki, na zamani mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon mai wat 60 ke bayarwa, balle waɗannan 'yan mitsi-mitsin. Wanda layin wutarsa ke rukunin da aka mayar wa yunit ɗaya naira 225 a watan Afrilun 2024 ya san amfanin wannan lissafi. Ni fawabankina mai lamba 10,000 yakan riƙe mini igiya ɗaya daga magariba har asuba. Sai dai wani fawabankin yakan kashe kansa in abin da aka jona masa ba ya jan wuta sosai. In naki ya yi haka ba lalacewa ya yi ba, ki haɗa masa igiya biyu ko ki koma ga caja.

Abin da ya fi faranta mini rai a duk aikin nan shi ne ƙwarya. Ina da wasu guda huɗu da suka tsufa, biyu sun ɗan tsage a baki, ba sa riƙe fura. Na wanke su, na kankare cikinsu, na shanya kwana biyu. Da fensir yara suka zana abin da suke so a baya: wannan taurari, wannan jinjirin wata, ni kuma na zauna na fitar da dagi, irin wanda ake sa wa a gaban babbar riga da bangon gidajen sarauta. Hudawar ba ta yara ba ce. Ƙusa ake riƙewa da filaya, a ɗora bakinta a garwashi har ta yi ja, a riƙa dangwalawa a kan layin zanen, kuma a waje ake yi saboda hayaƙi. Ki samu ƙusa iri biyu, babba da ƙarama, domin bambancin ramukan shi ke ba zanen rai. Kada ki matsa su kusa da juna, ƙwaryar za ta ɓalle a tsakani. Ɗaya ta ɓalle mini haka, sai na buɗa wurin ya zama babban tauraro. In an gama sai a goge ta da ɗan man kaɗe, a naɗe igiyar fitila kamar gammo, a kife ƙwaryar a kanta.

Ranar da muka fara kunnawa da dare, zanen bai tsaya a jikin ƙwaryar ba. Ya fita ya bazu a bango da silin, dagin nan ya cika rabin falo. Autana ya tsaya baki buɗe, can ya ce, "Umma, nawa ne wancan, ni na zana." Babu igiyar da zan sayo a kasuwa da za ta sa yaro ya faɗi wannan magana.

Gwangwanayen madara da na tumatir ma haka. Wanda ya tashi a unguwanninmu ya san yara sun daɗe suna mayar da gwangwani mota da fitila, ba sabon ilimi ba ne. Dabarar kawai ita ce a cika shi da jiƙaƙƙen yashi a danne kafin a fara huda da ƙusa da guduma, in ba haka ba zai lotse. A buge bakin ya kwanta don kada ya yanki hannu, a shafa fenti, a jera su a kan matakala ko a rataya a igiyar shanya. Nakan tuna wa yara cewa abin da aka lulluɓe ƙarfen gwangwani da shi don kada ya yi tsatsa kuza ce, ma'adinin da ya tara kakanninmu a garin nan daga Kano da Bauchi da Zariya da sauran wurare. Kyandir dai kada a sa a ciki, komai kyan da zai yi.

Jinjirin watan kwali, takardar kyalli muka sake liƙa masa, muka bi gefensa da fitila. Kwalaben zuma da na turare, cusa musu igiya kawai ake yi. 'Yan fitilun sola na tsakar gida da suka daina ci, yawanci batirin ciki ne ya gaji ko ƙura ta rufe fuskar da ke shan rana, a goge a canja batir mai caji irinsa. Na Babbar Sallah kuma, tunda a damina take zuwa yanzu, ruwan Jos kuwa har da ƙanƙara yake sauka, caja da akwatin batir su zauna a ƙarƙashin rufi. Abu ɗaya da ba na yarda ya shigo gidana shi ne fitila mai ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Yaro in ya haɗiye shi yakan ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

Wajen launi ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ku nemi mai ruwan ɗorawa, mai kama da hasken fitilar kananzir, ku bar farin nan mai shuɗi-shuɗi da ke mayar da falo kamar ɗakin asibiti. Masu ƙyaftawa kuma, in da maɓallin tsayar da su a tsayar. Tsofaffi ba sa son su, kuma mai nafila a goman ƙarshe ba ya buƙatar bango yana yi masa walƙiya.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a gaban idona. Wata yayar maigida ta ce, "Ƙanwata, wannan rataye-ratayen fitila ba na masu Kirsimeti ba ne?" Gaskiya ne igiyar fitilar lantarki a can ta fara. A 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya naɗa ƙwayaye 80 a bishiyar Kirsimeti a gidansa da ke New York. Amma haskaka gida don murna ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. Mutanen Masar sun yi ɗaruruwan shekaru suna rataya fitilar da suke kira fanus a watan Ramadan, mu ma nan wa ya taɓa ganin daren Maulidi a cikin duhu? Hukunci na malamai ne, ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne an hane mu da almubazzaranci, kuma tsakanin mai gyara abin da yake da shi da mai cika bola duk shekara, ba sai an faɗa mini wanda ya fi kusa da shi ba.

Kuma a Jos muke. Maƙwabciyata da ke zuwa coci ita ta fara nuna mini yadda ake naɗe igiyar fitila a jikin kwali in an gama biki don kada ta cukurkuɗe, ta ga ƙwaryata kuma ta ce in Disamba ta zo sai na zauna na koya wa 'ya'yanta. Garin nan ya sha wuya a 2001 da 2008 da 2010, duk wanda ya rayu a ciki ya san darajar ƙofar da ake ƙwanƙwasawa don aron filaya.

Fitilar kakata na bari a ƙarshe, don na daɗe ina jin nauyin taɓa ta. Na zare lagwanin, na wanke tankin da ruwan omo sau uku, na bar ta a rana har warin kananzir ya fita. Tsagun gilashin ban gyara ba, tunda babu harshen wutar da zai ƙara fasa shi. Na naɗa igiya mai ruwan ɗorawa a ciki, wayar ta fito ta ƙasa inda ba a gani.

Daren Sallah Inna ta zo kwana wurinmu. Ana cikin ƙunshi aka ɗauke wuta, unguwa ta yi ɗif, amma tsakar gidanmu ƙwarya huɗu da gwangwanaye suna ci abinsu. Inna ta hango fitilar a kan taga, ta ce a miƙo mata. Ta juya ta, ta shafa marikin, ta ce, "Ta Iya ce wannan. Da ita muke zuwa makarantar dare." Ta ajiye ta a gefen tabarmarta, ba ta bari an mayar da ita taga ba har muka kwanta.