Shayin gazuwal a hanyar Dirku

In ka bar Agadas ka faɗa yashin Tenere, ba gidan mai ko ɗaya a gabanka, kuma Land Cruiser a yashi mai laushi tana iya shan ninkin abin da take sha bisa kwalta. Shi ya sa na tanadi jarkokin ƙarfe shida masu lita 20. Kowacce in ta cika da gazuwal takan kai kilo 21, ka ga kilo 120 da ɗoriya ke nan. Mazauninsu ƙasa ne, cikin bodi, kusa da tsakiyar mota, baki sama, da kwali a tsakani don kada su goge juna su huje. Amma wani Alhaji da ya biya kuɗin kujera biyu ya ce shi ba zai kwana da wari ba, sai muka haye da su saman rufi.

Jarkar ƙarfen nan an ƙera ta da ɗan tudu a bayan mariƙi domin iska ta zauna. Yaron motata kuwa, don son a yaba masa, ya karkata kowacce ya ɗura har wuya. "Maigida, ai ribarmu ce," in ji shi.

Da asuba muka cika, ana sanyi. Kafin azahar ƙarfe ya yi zafin da ba ka iya taɓa shi. Gazuwal in zafinsa ya ƙaru da digiri 25, lita 20 na kumbura da kusan rabin lita, kuma dole ya nemi hanya. Ya same ta wurin robar murfin jarka ɗaya da ta bushe ta tsage. Ga mota na rangaji a kan kowane tudun yashi saboda nauyi ya koma sama, kowace girgiza sai ya ɗiga, kai tsaye kan buhun sukarin Alhaji da aka ɗaure a gefe.

Da muka tsaya na ce a sauke jarkokin, a bar su cikin inuwar mota su huce, sannan a ɗaga maƙullin murfi a hankali, bakin na kallon gefe. Ban rufe baki ba yaro ya ɓalle ta farko gaba ɗaya. Ni ne a gefen. Rawani, gemu, har cikin kunne.

Da dare aka ɗora buta nesa da mota, domin ni kaina an hana ni matsowa kusa da garwashi. Alhaji ya kurɓi kofin farko, ya yi shiru, ya dubi bakan gizon da ke yawo a saman kumfa.

"Direba," ya ce, "wannan shayin, kilomita nawa yake kai mutum?"

Sai da ya shanye har kofi na uku, wai sukarin da kuɗi ya saya.